Darasin Kwamfuta: Yadda Ake Riƙe Sabar Minecraft Ba Tare Da An Ci Amanar Abokai Ba

A zangon karatun da ya wuce, mu goma sha biyu muka haɗu muka buɗe duniya guda a wasan Minecraft, kowa na gina abinsa idan an tashi daga lacca. Ni aka damƙa wa riƙon sabar, don kawai ina da wata tsohuwar laftof da ba na amfani da ita. Batirinta ya daɗe da mutuwa, sai a jikin wuta take aiki. Wani dare muna tsaka da wasa aka ɗauke wuta. Da na sake kunnawa washegari, komai ya tashi lafiya, ban da wuri ɗaya. Wata 'yar sashen zanen gine-gine ta shafe makonni tana gina kwatankwacin ɗakin karatunmu, bulo bayan bulo. Rabin ginin na tsaye, ɗaya rabin ya koma ciyawa da bishiyoyi, kamar an yanka da wuƙa. Ba ta yi mini faɗa ba. Tambaya ɗaya ta yi: "Malam, ba ka ajiye kwafi ba ne?" Wallahi ban ajiye ba.

Daga ranar na gane cewa kunna sabar aikin rabin awa ne, riƙe ta kuwa ɗaukar amana ne. Wannan darasi na duk wanda abokai suka ce masa "kai ne ɗan kwamfuta, buɗe mana". Za mu bi matakan ɗaya bayan ɗaya.

Mece ce sabar, kuma me take yi?

Ga wanda bai san wasan ba: wani ɗan ƙasar Suwidin mai suna Markus Persson ne ya fara fitar da Minecraft a 2009, cikakken wasan ya fito a Nuwamban 2011, sannan kamfanin Microsoft ya sayi kamfanin Mojang da ke yin sa a 2014 kan dala biliyan 2.5. Zuwa 2023 an sayar da kwafi sama da miliyan 300. Duniya ce ta bulo-bulo, ka haƙa, ka tara, ka gina, da dare kuma dodanni su fito.

Sabar, wadda wasu ke kira uwar garke, manhaja ce da ke riƙe da ainihin duniyar. Wayarka ko kwamfutarka hoto kawai take nuna maka, tana aika saƙo: na taka nan, na fasa wannan bulo. Sabar ce ke yanke hukunci ko hakan ya faru, ta sanar da sauran, ta rubuta a faifai. Tana wannan lissafi sau 20 a kowane sakan, wato kowane bugu yana da milisakan 50 kacal. Ka riƙe wannan lamba, za mu dawo gare ta.

An raba duniyar zuwa fuloti-fuloti, kowanne bulo 16 a tsawo, 16 a faɗi, tun daga ƙarƙashin ƙasa har sama. Fuloti 32 sau 32 ake haɗawa a fayil ɗaya mai ƙarewa da .mca a cikin foldar region. Abin da ya same mu ke nan: wuta ta ɗauke ana tsaka da rubutu a irin wannan fayil, sabar ta kasa karanta wasu fulotan, sai ta ƙirƙiro sababbi a madadinsu.

Mataki na farko: Java ko Bedrock?

Wasan iri biyu ne. Java na kwamfuta ne, Windows ko Linux ko Mac. Bedrock shi ne na wayar Android da iPhone da na'urorin wasa, yana kuma aiki a Windows. A asali mai wannan ba ya shiga sabar wancan. Don haka kafin ka sauke komai, ka tambayi jama'arka da me za su shiga. A hostel ɗinmu dai masu waya sun fi masu laftof yawa nesa ba kusa ba.

Idan duk masu waya ne, Mojang na da sabar Bedrock ta kyauta da ke aiki a Windows da Ubuntu. Idan a gauraye kuke, ka ɗora sabar Java, ka ƙara mata Geyser, wata manhaja da ke yin tafinta tsakanin ɓangarorin biyu, tare da Floodgate da ke ba masu waya damar shiga da asusunsu na Bedrock ba sai sun sayi na Java ba.

Idan kuma kuɗin sayen wasan ne matsalar, akwai Luanti, wanda aka sani da Minetest kafin a sauya masa suna a 2024. Kyauta ne gaba ɗaya, yana aiki a waya da tsohuwar kwamfuta, kuma darussan riƙo da tsaro da ke ƙasa duk sun shafe shi. Gara wannan da kwafin sata, za ku ga dalili nan gaba.

Mataki na biyu: a ina za ta zauna?

Hanya ta farko, a ɗaki, ku kaɗai. Ka haɗa kowa a rauta ɗaya ko hotspot ɗaya, su shiga da adireshin cikin gida na kwamfutarka, wanda galibi ke farawa da 192.168. Wannan ya fi sauri, kuma wasan kansa ba ya cin data, sai ɗan abin da ake buƙata lokacin tantance asusu. Amma sai wanda ke kusa.

Hanya ta biyu, kwamfutar na ɗakinka amma mutane na shigowa ta intanet. A nan yawancinmu ke makalewa. Za ka ga bidiyo an ce ka buɗe ƙofa mai lamba 25565 a rauta, ka buɗe, shiru. Dalilin shi ne kamfanonin layin waya galibi suna haɗa kwastomomi da yawa a bayan adireshin IP guda, tsarin da ake kira CGNAT. Yadda za ka gane: duba adireshin da rautarka ta samu daga kamfanin. Idan ya fara da 10, ko yana tsakanin 100.64 da 100.127, ko ya bambanta da wanda shafukan duba IP ke nuna maka, to ƙofarka tana bayan ƙofar wani, kuma makullin ba a hannunka yake ba. Mafita ita ce manhajojin da ke haƙa rami zuwa waje, irin su playit.gg, ko masu haɗa na'urori kamar suna gida ɗaya, irin su Tailscale da ZeroTier.

Hanya ta uku, haya. Ko dai Realms na Mojang, mai ɗaukar mutum goma a lokaci guda ban da mai shi, ko ka yi hayar kwamfuta a cibiyar ajiyar bayanai ka ɗora komai da kanka. Babu ruwanka da NEPA, amma akwai biyan wata-wata, sau da yawa da kuɗin waje. Akwai masu bayarwa kyauta irin su Aternos, sai dai sabar na mutuwa idan babu kowa a ciki. Wajen zaɓen haya ka duba nisan cibiyar, domin nisa na ƙara jinkiri.

Gargaɗi ɗaya: kada ka ɗora sabar a kwamfutar dakin gwaji ko a netwok ɗin makaranta ba tare da izinin sashen ICT ba. Wasa bai kai a kira ka gaban kwamitin ladabtarwa ba.

Mataki na uku: kunnawa

Zan ɗauki Java a matsayin misali. Sai ka fara da saka manhajar Java da ta dace: wasan 1.18 na buƙatar Java 17, daga 1.20.5 kuma aka koma Java 21. Kowane sabon fitowa ka duba abin da yake nema. Ka buɗe folda ta musamman, ka sauke server.jar daga shafin minecraft.net ko na PaperMC, kada ka karɓa daga wani guruf na WhatsApp. Paper gyararriyar sabar ce da ta fi ta asali sauƙin nauyi, kuma tana karɓar ƙananan manhajojin ƙari. Sai ka rubuta:

java -Xms2G -Xmx4G -jar server.jar nogui

Lambar farko ram ɗin da za ta fara da shi ne, ta biyu iyakar da ba za ta wuce ba. Kada ka ba ta duk abin da kwamfutar ke da shi. Idan giga 8 gare ka, ka ba ta 4, ka bar wa Windows ko Linux sauran.

Karo na farko za ta tashi ta mutu nan take. Ba lalacewa ta yi ba. Ta ƙirƙiri fayil mai suna eula.txt, tana jiran ka amince da sharuɗɗan Mojang. Ka karanta, ka mayar da eula=false zuwa eula=true, ka sake kunnawa. Daga nan za ka ga server.properties, wanda shi ne kundin tsarin mulkin sabar. Ƙofar Java ita ce 25565 ta TCP, ta Bedrock kuma 19132 ta UDP.

Mataki na huɗu: wa zai shiga?

Layuka biyu a cikin server.properties sun fi komai muhimmanci.

Na farko white-list=true. Da shi, sai wanda ka rubuta sunansa da umarnin /whitelist add ne zai shiga. Kada ka ce ai babu wanda ya san adireshinmu. Akwai masu manhajojin da ke bin adiresoshin intanet ɗaya bayan ɗaya suna ƙwanƙwasa ƙofa 25565, da sun samu a buɗe sai su shigo su ƙone komai, don nishaɗi kawai. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Na biyu online-mode=true. Wannan ke sa sabar ta tambayi Mojang ko mai shigowa shi ne ainihin mai sunan. Masu kwafin sata sukan matsa maka ka mayar da shi false don su samu shiga. Ka san abin da hakan ke nufi? Duk wanda ya rubuta sunanka ya zama kai, da duk ikonka, kuma jerin sunayen da ka wahala ka rubuta ya zama banza, tunda kowa na iya aron sunan wanda ke ciki.

Tarihin wasan ya nuna ƙarshen hanyoyin biyu. Sabar 2b2t tana aiki tun Disambar 2010, kusan babu doka, kowa na shiga. Wurin da sabon shiga ke sauka ya zama kufai, ramuka da duwatsu da tarkuna, mutum kan sha wuya kafin ya tsira daga wurin. Hermitcraft kuwa, da aka fara a 2012, sai da gayyata ake shiga, shi ya sa manyan gine-ginensu ke tsayawa har ƙarshen zango. Wasa ɗaya, manhaja kusan ɗaya, bambancin mai gadin ƙofa ne.

Mataki na biyar: wa ke da iko?

Umarnin /op na ba mutum sarauta. A tsarin asali matakin iko na 4 yake samu, wato zai iya ba kansa kowane kaya, ya kori kowa, ya naɗa wasu, har ya kashe sabar. Ba a ba kura ajiyar nama, amma ko mutumin kirki ma yana kuskure, umarni ɗaya da aka rubuta ba daidai ba na iya shafe unguwa. Mutum biyu sun isa: kai da mataimaki ɗaya da zai riƙe idan kana jarrabawa ko ka tafi SIWES. Masu sa ido kuma ka yanka musu iko daidai aikinsu da LuckPerms, misali su iya korar mai zagi amma ba za su iya ba kansu lu'ulu'u ba.

Sannan ka saka CoreProtect tun ranar farko. Tana rubuta wanda ya ɗora ko ya fasa kowane bulo, da wanda ya buɗe kowane akwati, da lokacin. Da /co inspect za ka taɓa wuri ta faɗa maka tarihinsa, da /co rollback kuma ka mayar da ɓarnar mutum ɗaya ba tare da ka taɓa aikin sauran ba. Amfaninta ya wuce gyara. Ranar da aka ce "an sace mini kaya, kuma na san wane ne", rikicin da zai iya raba 'yan ɗaki ɗaya sai ya mutu cikin minti biyu, domin gani ya kori ji. Ka sani dai ba ta san abin da ya faru kafin a saka ta ba.

Kai ma mai riƙo, doka ta hau kanka. Idan kana wasa kamar kowa da rana, da dare kana ba kanka kaya a ɓoye, za a gane, kuma daga ranar babu mai sake yarda da hukuncinka.

Mataki na shida: idan ta fara jan ƙafa

Jan ƙafa iri uku ne, kuma maganinsu daban. Idan hotonka ne ke tsinkewa kai kaɗai, na'urarka ce. Idan kai kaɗai kake fasa bulo yana dawowa, netwok ɗinka ne. Idan kowa na kuka lokaci guda, dabbobi na tafiya kamar masu ciwon ƙafa, to sabar ce ta kasa gama lissafinta cikin milisakan 50 ɗin nan. A Paper ka rubuta /tps. Idan ka ga 20, lafiya. Idan ya sauka zuwa 15 ko 12, akwai aiki.

Kuskuren da aka fi yi shi ne ƙara ram. Yawancin lissafin duniyar a kan zare ɗaya na furosesa yake tafiya, don haka saurin ƙwaya ɗaya ya fi yawan ƙwayoyi amfani. Abin da zai taimaka shi ne rage aikin. Duba view-distance, wanda asalinsa 10 ne. Ma'anarsa fuloti 10 ta kowace fuska, wato 21 sau 21, fuloti 441 ga mutum ɗaya. Ka mayar da shi 6, ya zama 13 sau 13, fuloti 169. Ka ga an rage fiye da rabi. Haka simulation-distance, da aka ƙara a 1.18, wanda ke iyakance nisan da dabbobi da amfanin gona ke motsi.

Ƙirƙirar sabon wuri ma na da nauyi ƙwarai. Idan mutum uku suka nufi gabas da yamma da arewa suna yawon buɗe ido, kowa zai ji a jikinsa. Ka sa iyaka da /worldborder, ka yi amfani da Chunky ta ƙirƙiri fulotan tun da dare lokacin da babu kowa. Sai kuma mai kiwon kaji ɗari uku a rami ɗaya, shi magana za ka yi masa.

Mataki na bakwai: kwafin ajiya

Ga inda na faɗi. Sabar na adana kanta duk minti biyar, amma adanawa daban, kwafi daban. Adanawa na rubutu ne a kan fayil ɗin da ke nan, idan ya lalace shi ke nan. Kwafi kuwa wani ne daban a wani wuri daban.

Tsarin mai sauƙi ne. Ka rubuta save-off don ta dakatar da rubutu, sai save-all don ta zube abin da ke ƙwaƙwalwarta, ka kwafe foldar world da duk wata folda da sunanta ya fara da world, sannan save-on. Ka sa wa kwafin kwanan wata. Ka ajiye ɗaya a filas, ɗaya a Google Drive ko makamancinsa, domin kwafin da ke cikin laftof ɗin da aka sace tare da ita zai tafi. Kada ka riƙe na jiya kaɗai, ka riƙe na kwanaki bakwai, saboda wata ɓarnar sai bayan kwana uku ake lura da ita. Sau ɗaya a wata ka ɗauko kwafi ka kunna shi a wata folda ka gani ko yana tashi. Masu Linux su rubuta ɗan gajeren umarni su ba cron ya riƙa yi da asuba.

Kashewa kuma da umarnin stop ake yi, ka jira ta gama. Ban da rufe taga, ban da danne maɓalli. Kuma kada ka ɗora sabar a na'urar da ba ta da batiri ko UPS. A nan laftof mai lafiyayyen batiri ta fi babbar kwamfutar tebur.

Mataki na takwas: doka, kuɗi da tsaro

Ku rubuta dokoki biyar ko shida kafin rigima ta farko: ba sata, ba fasa ginin wani, ba zagin addini ko ƙabila ko iyaye, ba takura wa 'yan mata, ba manhajar maguɗi. Ku faɗi hukuncin kowanne, kowa ya amince a guruf. Dokar da aka ƙirƙira bayan an yi laifi kullum kama take da son kai.

Idan haya kuke biya, ku yi karo-karo a fili, a nuna rasit duk wata. Ku sani kuma ƙa'idojin Mojang sun yarda a karɓi gudummawa, amma sun hana sayar wa mutum abin da zai ba shi galaba a kan sauran 'yan wasa.

Batun tsaro ba wasa ba ne. A Disambar 2021 aka gano wata ɓaraka a Log4j, wani ɓangaren Java da Minecraft ke amfani da shi wajen rubuta bayanan abin da ke faruwa. Saƙo ɗaya a wurin hira ya isa a sa sabar ta gudanar da umarnin wani baƙo. Mojang ta fitar da 1.18.1 don toshe ta. Darasin: ka riƙa sabunta manhaja, kada ka sauke ƙari daga inda ba ka sani ba, kuma kada ka ɗora sabar a kwamfutar da ke ɗauke da furojet ɗinka.

Sai kuma masu ganin burgewa ce su durƙusar da sabar wasu da ambaliyar saƙonni. Manhajar Mirai, wadda aka yi amfani da ita a harin 21 ga Oktoban 2016 da ya hana mutane da dama shiga Twitter da Netflix, wasu matasa uku a Amurka ne suka rubuta ta, kuma bincike ya nuna gasar kasuwancin sabar Minecraft na cikin abin da ya sa suka fara. A Disambar 2017 aka bayyana cewa sun amsa laifinsu a kotu. Mu ma nan dokar laifukan intanet ta 2015 ta haramta yi wa na'urar wani kutse ko hana ta aiki. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Aikin gida

Wanda ya riƙe sabar zango ɗaya da kyau ya taɓa Linux, adireshin IP, TCP da UDP, rabon iko, karanta bayanan kuskure da ajiyar kwafi, abubuwan da muke haddacewa don jarrabawa mu manta. Ga aikin wannan mako: ka kunna sabar a ɗakinku, ka sa abokai biyu a jerin shiga, ku gina ɗan ɗaki, ka yi kwafi, sannan ka goge foldar world da gangan ka dawo da ita daga kwafin. Idan ɗakin ya dawo, ka cancanci a ba ka amana. Idan bai dawo ba, gara ka gano yau da mutum biyu.

Ita kuwa mai ɗakin karatu, ta sake gina rabin da ya ɓace, da sharaɗin duk Juma'a in tura mata kwafin duniyar ta ajiye da kanta. Na yarda, kuma har yau ban tsallake ko sau ɗaya ba. Lokacin jarrabawa kuma mukan kashe sabar gaba ɗaya, domin babu umarnin da ke mayar da kariyoba. Allah ya ba mu sa'a.